Ƙullina a Tumbin Saniya

Mu biyar ne a bayan katangar kwalejin ranar: ni, da maigadin ƙofar baya, da mahaucin da aka ɗauko daga kasuwa, da malamar da ke kula da tsarin shara, sai Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Sandamu. Saniyarta ce kwance a gabanmu. Ita kaɗai ta mallaka, gadon uwarta. Wata biyu tana ramewa, ciki kuwa yana kumbura, har aka ce a yanka kafin ta yi mushe.

Ni ce babba a masu sharar ɗakin kwanan ɗalibai mata. Shekarar nan malamar ta kawo durom uku: na leda da roba, na takarda, na ragowar abinci. Abincin a kai shi rami a rufe, ya ruɓe ya zama taki. Biyu na yarda da su. Na ukun na ƙi.

Na ce, "Malama, tuwo za a binne kamar gawa? Hatsi ne fa!"

Ta ce, "Iya, ba ɓarna ba ce. Gona zai koma."

"Ku 'yan boko, komai sai kun haƙa masa kabari."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ban ƙara musu da ita ba. Amma kullum da hantsi sai in tattara ragowar shinkafa da tuwo, in zuba a leda, in ƙulle don kada ya zube a hanya a gani, in cilla bayan katanga inda dabbobi ke kiwo. A raina lada nake nema. Ina da ƙulli nawa, ninki biyu da kunne ɗaya a waje, irin wanda uwata ke yi wa daddawa.

Da mahauci ya farke tumbi ya zura hannu, sai ya tsaya. Ya yi salati. Ya jawo wani baƙin dunƙule da ya kai tulu, leda ce zalla, ta murɗe kamar igiya.

Maigadi ya ce, "Kai! Wannan kanti ta haɗiye?"

Ba wanda ya taya shi raha.

Mahauci yana warwarewa da wuƙa, sai ga ƙulli, ninki biyu, kunne ɗaya a waje. Sai ga wani. Sai ga wani. Na kawar da ido.

Malama ta ce, "A ina take samun wannan? Ledarmu duk tana durom. Ko ba haka ba, Iya?"

Ba zargi a muryarta, yarda ce. Ni wadda ɗalibai ke shakkar idona, ranar na kasa ɗaga shi. Na ce, "Iska ce ke kwasowa."

Bafulatanar ba ta yi kuka ba. Da sauran suka matsa wajen nama, ta tsuguna ta shafa goshin saniyar, ta ce mini a hankali, "Yaya, ke kam kin so ta. Ina ganinki kina jefo mata abinci. Allah ya biya ki."

Da ta zage ni, da tuni na manta. Har yau ban san ko ta gane ba, don tun daga ranar ba ta sake kawo nono ba, kuma ban san rugarsu ba. In na ji leda tana motsi a jikin ƙaya, muryarta nake ji. Hannuna bai sake yin ƙullin nan ba, ko na gishiri.

Washegarin yankan na riga kowa zuwa. Na zaga bayan katanga da buhu, na tsince ledar wurin ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta nutse a ƙasa. Na ɗauki durom ɗin abinci na juye a ramin da na raina, na rufe da hannuna. Da malama ta iso, na ɗora mata ƙulli ɗaya daga cikin waɗanda na tsinto a tafin hannu.

Na ce, "Malama, ba iska ba ce. Ni ce."