Tsinken da Ya Ceci Karatun Baba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da na kai wa Baba na'urar karatu ba.

Baba malami ne a ƙauyenmu, gefen Kusada. Shekara da shekaru magidanta ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan La'asar, sai ido ya gaza masa, ko da tabarau ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ya ce daga Juma'a ya rufe karatu. Abin ya tsaya mini a rai.

Lokacin ina koyarwa a Kankia, ina da wata na'ura mai kamar ɗan allo, ta karatu zalla. Fuskarta kamar takarda, ba ta ƙyalli a rana, caji ɗaya sai ta yi makonni. Na farkon da suka fito masu maɓalli ne, tawa kuwa shafawa ake yi. Na zuba mata littattafansa, na hau babur ina ji kamar in tashi sama.

Na ƙara wa baƙaƙen girma suka yi manya-manya, na miƙa masa. Ya ƙura ido.

"Allahu akbar! Yaro, ina gani! Har wasali!"

Murna ta kusa kashe ni. Amma na manta Baba bai taɓa karatu ba sai yatsa na bin layi. Yana ɗora yatsa shafi ya juye. Ya sake, ya ƙara juyewa.

"Mi ke korar shi? Littafin da ba ya tsayawa gaban malami, ɗauke abinka."

"Baba, ku daina taɓawa mana!"

Ni da ɗokina, wai zan raba dattijo da ɗabi'ar da ta girme ni. Ya ture ta gefe.

Inna, mahaifiyata, na bakin ƙofa tana shara. Ta zaro tsinke daga tsintsiya.

"Malam, gwada da wannan."

Ya ɗora, shafi bai motsa ba. Ashe na'urar ba ta jin busasshen tsinke! Baba ya ja layi da murya har ƙasa, ni kuwa na yi ta tsalle kamar ba malamin makaranta ba.

Ranar Asabar zaure ya cika.

Tun ranar na gane, in za ka kai wa mutum sabon abu, fara duba yadda hannunsa ya saba. Ni na san na'ura, Inna ta san Baba.