Sunan da na fassara a gidan suna

Ni tsohuwa ce, ban taɓa riƙe alƙalami ba, 'yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. A shekarun da abin ya faru, babu gidan suna a Zangon Kumasi da za a yi ba a aiko mini da goro ba. Kakannina fatake ne daga Kano, kuma a bakin kakata na ɗauki sunaye da asalinsu. Yaran yanzu Hausarsu rabi Turanci rabi Asante, suna kiran suna ba su san me ke cikinsa ba. Ni na sani, kuma ina son a san na sani. In na buɗe baki mata sukan ajiye cokali su saurara, wannan shirun da ake yi mini ya fi mini nama daɗi.

Wata Lahadi aka yi suna a unguwar Krofrom. Bayan an ci wake da shinkafa, mata suka kewaye ni suka ce Kaka a ba mu na yau. Na gyara zama. Na ce musu Delu ita ce macen da ta biyo bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Marka wadda aka haifa ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, Tasalla kuwa ranar idi ta zo. Ana dariya, kowa na jefo sunan gwaggonta. Sai wata budurwa ta shigo da tiren sobolo, wato zoɓo, 'yar maƙwabciyata ce, wata baiwar Allah mutuniyar Nijar mai sayar da atamfa a Adum. Wata ta nuna ta, ta ce to wannan fa, Abarta, mun daɗe muna kira ba mu san kansa ba.

Na ga uwar yarinyar ta ɗago kai ta dube ni. Wallahi na ga kallon, na kuma gane roƙo ne, amma daɗin baki ya riga ya ɗebe ni. Na ce ai wannan sunan 'yar wabi ne, wato 'yar macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna jarirai. In uwar ta gaji da binnewa sai ta raɗa wa na gaba sunan roƙo, a bar mata wannan, ko sunan wulaƙanci kamar Ajuji da Ayashe, don mutuwa ta raina ta ta wuce. Na ce ko Asantawa haka suke yi, su kira ɗa da sunan bola. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma na ga idanu sun yo kaina, sai na ƙara gishiri, na ce wabi jini yake bi, 'yar wabi ita ma sai ta binne uku ko huɗu kafin ɗaya ya zauna. Ban taɓa jin wannan a bakin kakata ba, a wurin na ƙirƙira shi don labari ya yi armashi.

Yarinyar ta ajiye tiren a hankali ta dubi uwarta. Ashe ba ta taɓa sanin tana da yayye huɗu a ƙasa ba, uwar ta baro wannan baƙin cikin a garinsu ta zo Kumasi da ɗiya ɗaya a goye. Kuma a cikin matan nan akwai wata Hajiya da ɗanta, direba a tashar Race Course, ya riga ya kai goron neman auren yarinyar. Kafin Juma'a ta zagayo aka aika cewa an fasa.

Uwar ta same ni da hantsi ina tsintar wake. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kira ni Inna kamar kullum, ta ce shekara ashirin da biyu tana kiran sunan nan tana roƙon Allah, kuma Allah ya karɓa, mutuwa ta bar mata yarinyar, sai ga shi bakin maƙwabciya bai bar ta ba. Ta tashi ta tafi.

Na yafa mayafi na tafi gidan Hajiyar. Na ce mata rai da mutuwa na Allah ne, maganata ta ranar nan zance ne kawai. Ta yi dariya ta ce haba Kaka, ke da kika san asalin kowa, yau kuma za ki ce ba ki sani ba? Ta ce in kawo mata 'yar wabi ɗaya tak da ta haihu 'ya'yanta suka rayu, ita kuwa gobe za ta sake kai goron neman auren.

A nan ne abin kunyar yake, wanda ko 'yar da ke rubuta wannan ba ta sani ba sai yau. Shaidar da Hajiya ke nema tana zaune a kan tabarmarta. Sunan da uwata ta kira ni da shi Ajuji. Biyar ta binne kafin ni, aka ɗauke ni ina jaririya aka ajiye a kan juji, wata tsohuwa ta tsinto ni ta mayar mata. Na haifi bakwai, duk suna raye. Amma tun da na yi aure na binne sunan nan, na zama Inna, na zama Kaka mai asali. Na buɗe baki in faɗa, sai na hango matan Zango suna kirana Ajuji a bayan idona. Na ce mata Allah ya kyauta, na sa takalmina na fito.

Yaron ya auri wata. Yarinyar tana nan a shagon uwarta, shekara shida ke nan, in na wuce takan gaishe ni da ladabi, ni ce ke sunkuyar da kai.

'Yan'uwana mata, musamman tsofaffi irina masu jin sun san asali, in kun ji suna baƙo a kan yarinya, ku sani wata uwa ce ta sa shi da dalilinta, wani dalilin kuwa kabari ne. Ba naku ba ne ku buɗe a taro. Na tona na wata don a yaba mini, na rufe nawa don kada a yi mini dariya. Na san ana karanta wa Hajiyar nan wannan mujalla. To ga shaidar da kika nema, ta zo a makare. Ni ce Ajuji.