Ranar da Na Shanya Mai Barci

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a cikin wannan wata, da aka kai mai gidana makwancinsa a Bodinga. Sunansa ban taɓa kamawa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu don jarida ba. Mutanen gari Alhaji Direba suke ce masa, domin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai albasa Kudu a babbar mota. Ni ban yi boko ba, ɗiyata Luba ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Bakina bai taɓa neman mai gyara ba.

Sauran direbobi in sun dawo daga Kudu, tsarabarsu atamfa ce da goro da tasoshi. Nawa shi faifan garmaho yake dawowa da shi, a nannaɗe cikin rigarsa kamar jinjiri. Ba kuma na mawaƙanmu ba. Wani kiɗi ne na baƙaƙen fatar ƙetaren teku da suke ce wa jaz, busa da ganga da wani ƙaton molo mai gurnani, yawancinsa babu ko kalma ɗaya ta waƙa. Farkon jina na ɗauka makaɗan gwajin kaya suke yi kafin su fara. Na jira su fara har faifan ya ƙare.

A duk faɗin Bodinga da Shagari mutum biyu ne kawai suka taya shi wannan ciwo. Akwai Malam Sidi, malamin firamare a Shagari, dogo, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu, wanda ya gaji wasu fayafayai daga wani malaminsu da ya koma ƙasarsu. Sai Bello mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Bodinga. Shi faifansa uku ne a duniya, amma bakinsa ya fi na mai ɗari. Kowace Juma'a bayan la'asar Malam Sidi zai taho a kan babur ɗinsa, Bello ya rufe rumfa, su shimfiɗa tabarma a zaurenmu. Ni ina tsakar gida, zana ce kawai tsakaninmu, ina dama musu fura ina jin komai.

Kiɗan kaɗan ne, hirar ce mai yawa. Wane ya samo wannan a wace rumfa a Ibadan, ruwan sama na dukansa. Wannan tsohon bugu ne, ya fi nauyi a hannu, sabon kuwa sakayau yake kamar murfin tukunya. Malam Sidi ya karanta musu bayan kwali ya fassara, Bello ya ce ƙari ya yi. Suna da doka: ba a taɓa faifan wani, mai shi ne ke ɗora shi da hannunsa, kuma a gefe ake kamawa. Ni ban iya karanta sunayen ba, sai na raɗa wa kowane nawa suna daga hoton da ke jikin kwalinsa. Akwai Mai Taba, akwai 'Yan Biyar, akwai Mai Jar Hula. Tun suna dariya har su ma suka koma kiransu haka. Wanda suka fi so shi ne Mai Barci, wani mutum da ƙaho a baki ya rufe ido ruf.

A cikin Mai Barci akwai wani wuri, kusa da farko, inda busar take hawa a hankali, sai ta yi rawa, ta lanƙwashe kamar muryar wanda kuka ya zo wa yana cikin magana, sannan ta miƙe. A kan wannan ɗan wuri suka yi gardamar shekara talatin da wani abu.

Malam Sidi zai ɗaga yatsa tun kafin a iso. “Ku saurara. Nan. Wanga mutum ya san rashi. Ba koyo ba ne wanga, daga ciki yat taho.”

Bello ya ce, “Malam, kai dai alli ka sani. Ni ka buɗe cikin inji. Wanga aibi ne, wurin bugu anka yi kuskure. Mutum ba ya busa haka.”

“Kai da kunnenka ya saba da ƙugin rediyon da ya lalace, ina za ka gane kuka?”

Mai gidana ba ya shiga. Sai ya ce, “A ƙara saurare dai,” ya mai da allurar garmaho baya. Wani lokaci kuma ya ɗaga murya ta kan zana, da yake ni 'yar Lambara ce: “Ta Lambara, ke mi kig gani?” Ni kuwa in ce, “Ni ba ni da kunnen malamai, furarku na jira.”

Na sani sarai. Ni kaɗai da shi muka sani.

Shekarata ta farko ce a gidan. Damina ta ɗauke, shi yana Kudu. A gidanmu na Lambara haka aka koya mini: in ruwa ya janye, duk abin da ke ɗaki sai ya ga rana, tabarma, tufafi, ƙwarya, har kaskon turare. Na buɗe akwatinsa na ji warin danshi, na ce wannan mutum bai san tsabta ba, bari ya dawo ya ga irin matar da ya auro. Na zare fayafayan na jera su a tabarma. Wuri ya ƙare, sai na jingina na ƙarshe da turmi, ya fuskanci rana sosai. Da na taɓa na tabarma na ji sun ɗau zafi, sai na kwashe su da sauri. Na turmi na manta da shi har azahar. Na same shi ya yi yaushi ya karkace kamar ganyen kabewa. Mai Barci ne. Na tura shi cikin kwalinsa da ƙarfi, na rufe akwati, na ja bakina.

Bayan kwana huɗu mai gidana ya dawo. Bayan ya huta ya buɗe akwati, na ji shiru ya yi yawa. Sai ga shi a ƙofar ɗakina da faifan a hannu, yana juya shi. Na ci gaba da tsince shinkafata kamar ban gan shi ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, “An yi rana bana.”

Na ce, “An yi.”

Ya samo katako biyu ya sa faifan a tsakani, ya ɗora buhun gero a kai har kwana goma. Faifan ya miƙe, sai ɗan abin da ido ba ya kamawa in ba an sani ba. Amma allura ta sani. Daga ranar busar ta fara wannan rawa. Abokansa ba su taɓa jin faifan kafin haka ba, sabo ne. Ni da shi ba mu sake ta da maganar ba. Mun yi faɗa irin na miji da mata, na gaya masa baƙar magana ya gaya mini, amma ko sau ɗaya bai jawo turmin nan ya buga mini ba. Ni kuma ban taɓa cewa ya yi haƙuri ba. A unguwarmu ni ake kira in za a jera wa amarya ɗaki, ni ake tambaya yadda ake adana kaya. Wadda ake tambaya ba ta cewa ta shanya faifai.

Bayan rasuwarsa zauren ya mutu a hankali. Sun zo Juma'a biyu ko uku, amma babu mai ɗora faifai, domin dokarsu ta hana su taɓa na wani, ko da mai shi yana ƙasa. Garmahon ya sha ƙura, allurarsa ta karye, wani abu ya ci a cikinsa. Bello ya ce zai nemo kayan gyara, bai samu ba har ya bi abokinsa bara waccan. Yau ina zaune ina ganin mutane suna wucewa ta ƙofar gida, kowa da igiya a kunne, kowa da kiɗansa shi kaɗai, fuska a ɗaure. Nakan ce da Alhaji zai leƙo, me zai ce? Ina jin zai yi murna da farko, a ce duk abin da ya sha ruwan Ibadan yana nema yanzu yana cikin waya. Sannan ya tambaya: to, da wa ake gardama?

Watan jiya Murtala, babban ɗan Malam Sidi, ya zo gaishe ni. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, jikin Baba ya yi nauyi, kuma muna tsoron kansa ya fara ruɗewa.” Wai tsohon ya dame su da zancen Mai Barci, ya faɗa musu sunansa na gaskiya, suka nemo masa a waya suka sa masa a kunne da ƙarfi, da yake jinsa ya ragu ƙwarai. Ya saurara ya ce ba shi ba ne, an cire kukan. Suka nemo wani, ya ce ba shi ba ne. Suka nuna masa hoton, mutumin ne, ido a rufe. Tun daga nan ya daina jayayya da su, ya rage cin abinci, yana ta tambayar matarsa ko dai shi ne ya ƙago abin a kansa. Har sun fara maganar kai shi asibiti a Sakkwato, sun kuma daina shawara da shi a kan gona.

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Murtala ya tafi. Na yi kwana uku ina gaya wa kaina cewa ba ruwana. Garmaho ya mutu, ba zai yi shaida ba. Bello ya tafi, Alhaji ya tafi. Duk duniya saura bakina.

Ranar Juma'a na ɗauki Mai Barci, Luba ta raka ni muka hau bas zuwa Shagari. Na sami Malam Sidi a kan tabarma a inuwar ɗaki, dogon nan ya naɗe kamar tsohuwar igiya. Matarsa na nan, surukansa mata biyu, Murtala, da wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya. Na so a ba mu wuri, amma da wane dalili? Na miƙa masa faifan. Ya ɓoye hannunsa a baya. “Ba nawa ba ne, Ta Lambara. Riƙe shi ke.”

Na matsa kusa na ce a hankali, “Malam, kukan nan yana nan. Ni na sa shi.”

“Mi kic ce?”

Na ƙara faɗa. Ya kama kunne ya girgiza kai. Na dubi matan nan, duk sun bar abin da suke yi. Shekarata saba'in da wani abu ban taɓa ɗaga murya a gidan mutane ba. Na cika ƙirji na ce, yadda har na bayan katanga zai ji: “Na ce ni na shanya shi a rana! Na jingina shi da turmi ya karkace! Kunnenka lafiya lau, kanka lafiya lau, abin da ka ji yana nan, ni ce na ɓata shi!”

Maƙwabciyar ta rufe baki da rariya. Luba ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Na zare faifan na karkata shi a haske, Murtala ya durƙusa ya bi gefensa da ido, ya ce, “Wallahi Baba, ga shi nan, a lanƙwashe yake.”

Malam Sidi ya dubi faifan da ke hannuna. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ya ce, “Shekara talatin, ashe ranar Bodinga nika yabo.” Ya goge ido da hannun riga. “Bello ya yi gaskiya ke nan. Alhamdu lillahi da yar riga ni tafiya, da ban sha ruwa ba garin ga.” Ya girgiza kai. “Shi kuma Direba yana zaune yana kallonmu, yana cewa a ƙara saurare. Kai, wanga mutum.”

Sannan ya ce in yi masa wurin da bakina. Na ce ai ba zai ji ba. Ya ce in yi dai. Ni da na ce ba ni da kunnen malamai, na rufe baki na yi gunjin busar nan tun daga farko, babu inda na ɓata, domin na sha ta ta cikin zana fiye da su. Yana kallon maƙogwarona. Kafin in iso ya ɗaga yatsa. “Nan,” in ji shi. Daidai wurin ne. Ya ce a kawo masa tuwo.

A hanyar dawowa rana na shigowa ta tagar bas, na lulluɓe faifan da mayafina har Bodinga.

Tun ranar nake auna abin da mai gidana ya bari. Motar an sayar, fayafayan suna akwati babu abin da zai sa su magana, Luba ta ce wata rana za a ba masu adana kayan tarihi. Ban sani ba ko don ya rufa mini asiri ya yi shiru, ko don ya ga gardamar ce ke kawo masa abokansa kowace Juma'a. Wataƙila duka biyun. Abin da na sani shi ne ya riƙe laifina shekara talatin da wani abu yadda yake riƙe faifai, a gefe, bai taɓa sa yatsa a kai ba. Haƙurin da ban ba shi ba, a gidan wani na je na faɗe shi da ƙarfi, shi bai ji ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Bello, ya sa sun huta.

Yanzu in Juma'a ta yi, bayan la'asar, nakan ɗauki tabarma in shiga zauren da ban taɓa zama ciki ba suna nan. In yi gunjin Mai Barci a hankali. In na zo wurin nakan tsaya kaɗan, ko wani zai ce aibi ne.