Bikon da aka yi a falona a Setapak

Shekarun baya, lokacin da maigidana yake digirinsa na uku a Kuala Lumpur, muna zaune a wani bene a Setapak. Ni ba karatu ya kai ni ba, tuƙa tuwo ya kai ni. Yaren Malay ɗina kaf bai wuce "boleh" (zai yiwu) da "tapau" (a ƙunsa mini abinci) ba, amma a cikin matan ɗalibai ni ce idon gari.

Wata rana da hantsi ƙawata ta iso daga Sri Petaling, goye da 'yarta, leɓe a fashe, muryarta ba ta fita sosai. Mijinta ɗalibi ne, mai fara'a a waje, shi ke raba mana naman layya. Ta ce, "Yaya, wannan karon wuya ya shaƙe mini. In na koma, ba da ƙafata zan fito ba."

Asibiti ne ya haɗa mu da 'yan sanda, su kuma suka haɗa mu da wata jami'ar jin daɗin jama'a. Kotu ta ba da umarnin kariya: kada ya taɓa ta, kada ya kusance ta, har a gama bincike. In ya karya, kama shi za a yi. Ranar ƙawata ta ci abinci har da ƙari. Ni kuwa sai ɗaga kafaɗa nake, kai ka ce ni na rubuta dokar.

A wajen kotu, mace ce ta tsere da ranta. A wajen mutanenmu kuwa yaji ta yi, yaji kuma biko ake yi masa.

Shi bai zo ba, ya san doka. Manyanmu ne suka cika mini falo bayan sallar Juma'a, da leda ɗauke da atamfa da turare da takalmin yarinya. Dattijon cikinsu, malamin jami'a, ya ce, "'Yata, ba shi ya aiko mu ba, zumunci ya kawo mu. In case ɗin nan ya yi gaba, scholarship ɗinsa ya tafi. Visa ɗinki ma a jikin tasa take. Ga kuma sunan 'yan Najeriya."

Na ce, "Baba, shaƙe ta fa ya yi."

Ya ce, "Mun yi masa faɗa sosai, Hajiya."

Sai ya kira mahaifinta a gida, ya buɗe muryar wayar, kowa yana ji. Uban ya ce, "A zuri'armu ba a taɓa kai miji kotu ba. Ki tashi ki bi su."

Ta tashi. Suka raka ta ta janye ƙara. Da ta dawo ɗaukar kayanta ta ce mini, "Kar ki damu, Yaya, ai takardar kotun tana jakata." Daga baya jami'ar nan ta gaya mini, ranta a ɓace, cewa umarnin a kan binciken yake tsaye. Da aka rufe bincike, shi ma ya faɗi.

Daga nan aka canza mata layin waya. Mijin ya gama karatu, aka sha hotuna, suka koma gida.

Har yau abin yana ci mini rai. Ƙasar da ba tamu ba ta tsaya mata, mu da muke nata muka zo da turare muka mayar da ita. Ba mugu ko ɗaya a falon nan, kowa gani yake alheri ya zo yi, shi ya sa ba na jin za mu daina.

Bara na gan ta a wani biki a Kano, har yanzu tana gidansa. Na zauna a gefenta na hagu ina ta zuba, tsohuwar zuma ta motsa. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Can ta juyo, ta kama hannuna tana murmushi.

"Yaya, dawo ta dama. Wannan kunnen tun Malesiya ba ya ji."