Kunun Shinkafa da Furar Gwaggo

Shekarun baya, a shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, mahaifiyata ta kwanta ciwon ciki. Muna unguwar Ali Kazaure a Jos lokacin, ɗaki biyu a gidan haya. Ni ce babba, don haka jinya a kaina ta faɗo.

Abin ya fara kamar gudawa ta yau da kullum. Aka sha jiƙo, aka sha maganin kemis, bai tsaya ba. Daga baya jini ya fara biyowa. Mace mai jiki, wadda takan yi wa mata huɗu kitso a wuni ba ta ce wash ba, ta koma zani sai ya zagaye ta sau biyu. Sai da muka yi wata uku muna zaryar asibiti kafin wani likita ya ce hanjinta ne ya kumbura ya yi gyambo daga ciki. Ya ce ba ciwon da ake rabuwa da shi ba ne, lallaɓa shi ake yi, yakan lafa yakan tashi. Ya rubuta magani, ya lissafa abin da za ta bari: yaji, maiƙo, wake, gero mai dusa, sannan madara da nono, domin mun riga mun lura duk ranar da ta sha shayi da madara, a bayi take wuni.

Na fito na tsaya a barandar asibitin ina hawaye, don ban ga abin da ya rage mata ta ci ba. Wata nas dattijuwa, 'yar asalin Filato, ta ja ni gefe ta ce in share fuska, kuka ba ya cika cikin mara lafiya. Ita ta koya min kunun shinkafa. A jiƙa shinkafar tuwo, a wanke ta tas, a ɗora da ruwa mai yawa a ƙaramar wuta har ƙwayar ta narke. A murje da bayan ludayi, a tace a rariya. Maimakon madara, a goge kwakwa a matse ruwanta, a zuba cokali biyu kawai. Sukari kaɗan, gishiri ɗan tsunkule. In cikin ya karɓa, a murje nunanniyar ayaba a kai.

Na farko da na yi ya kama a gindin tukunya, ƙauri ya cika gidan har maƙwabta suna leƙowa. Mama ta ɗanɗana ta ce wai shekara shida ana biyan kuɗin makaranta, kunu ya kayar da ni jarrabawa. Amma ta shanye. Na biyu ya fi. Cikin mako guda na gane wutar gawayin da yake so, na kuma koyi juye shi a filas da zafinsa, don sanyin Jos ba ya barin kunu ya jira mutum.

Kunun ya karɓe ta. Jinin ya ragu, sannan ya ɗauke. Bayan wata biyu tana iya fitowa tsakar gida ta zauna a rana, har ta yi wa ƙanwata kitso ƙanana. Na fara cewa a raina mun tsira.

Sai dai ciwon da ya daɗe, a unguwarmu ba ya zama ciwo kawai. Mata masu zuwa dubiya suka fara cewa wannan ba na asibiti ba ne, akwai hannu a ciki. Sannu a hankali hannun ya samu mai shi: gwaggona, yayar mahaifina, wadda ke zaune a Naraguta. Sun taɓa samun saɓani da Mama tun ina ƙarama, suka yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. Mama ba ta taɓa yarda da maganar ba, amma magana ta yi tafiya har ta isa kunnen Gwaggo.

Wata Asabar bayan azahar ta yi sallama, ɗauke da ƙwarya an rufe da faifai. Mata uku ne a ɗakin sun zo dubiya, ciki har da maƙwabciyar da ta fi kowa yaɗa zancen. Gwaggo ta zauna a bakin katifa, ta buɗe ƙwaryar. Kindirmo ne mai kauri, da curin fura shida, ƙamshin citta da barkono na tashi.

"Na ji abin da ake faɗa a kaina," in ji ta. "Furar nan ni na kirɓa ta da hannuna. Ni zan fara sha, sannan ki sha, kowa ya gani."

Ta turo min ƙwaryar ta ce in dama. Na dubi Mama. Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, ai likita..."

"Ke," Mama ta katse ni, "ɗauko ludayi."

Na san abin da Mama ta sani. In ta ce likita ya hana, babu wadda za ta ji likita a cikin matan nan. Abin da za su kai gida shi ne ta ƙi shan abin hannun dangin mijinta, kuma mutum ba ya ƙi sai ya san dalili.

Na ɗauki ƙwaryar na fita ɗauko ludayi. Tsakanin ƙofa da inda muke kife kwanuka taku biyar ne, kuma akwai dakali a tsakani. Wallahi na yi tunanin in yi tuntuɓe in saki ƙwaryar ta fashe. Da an zage ni, da an ce yarinyar nan ba ta da natsuwa, shi ke nan. Na tsaya a kan dakalin nan. Kunyar zagin na ji. Na tsallake lafiya, na dawo, na durƙusa na dama furar, har da kulawa kada ta yi gudaji.

Gwaggo ta sha ludayi uku. Mama ta karɓa ta sha, ta sake sha, Gwaggo na cewa ta ƙara, wannan ne zai mayar mata da jiki, ba ruwan shinkafa ba. Mama ta sha kusan kofi guda. Ta goge baki ta ce, "Yaya, hannunki bai canza ba." Gwaggo ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Matan nan suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da aiki a gida.

Kafin la'asar ta yi sanyi cikin ya fara murɗa. Washegari da safe a tasi muka kai ta asibiti, ba ta iya tsayuwa. Aka sa mata ruwa, daga baya aka ƙara mata jini. Likitan ya tambaya me ta ci. Kafin in yi magana ta ce kununta ne kawai. A karo na biyu na bar maganar yadda ta so.

Da aka bar mu mu kaɗai ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya wa Baba, kada in gaya wa kowa. Ta ce in aka ji bayan furar ne ta kwanta, abin da aka wanke jiya zai dawo ya fi da, kuma Gwaggo ba za ta sake ɗaga kai a dangi ba. Na yi mata alkawari. Nas ɗin nan kaɗai na faɗa wa, a bayan ɗakin magani. Ta ce ciwon yakan tashi da kansa ko ba a ci komai ba, babu mai iya rantsewa furar ce. Wataƙila tausayina ta ji. Wataƙila kuma gaskiya ta faɗa. Har yau ban san wanne ba ne.

Kullum ina kai kunun a filas. Da farko takan sha cokali biyar, sannan uku, sannan ta riƙa juyar da kai. Mako bakwai ta yi. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ina waje ina wanke filas ɗin.

Mutane kan ce kowane abu yana koya wa mutum darasi. Ni ban san me na koya ba, in ban da tsoro. Ko ƙanwata ta ce cikinta na ciwo, sai in ce mu tafi asibiti. Na yi ta lissafin taku biyar ɗin nan fiye da yadda na yi lissafin komai a rayuwata, kuma kullum a kan dakalin nake tsayawa.

Alkawarin na nan, Baba bai sani ba. Gwaggo kuwa tun daga lokacin ta ɗauke mu kamar ita ta haife mu, duk sallah ita ke mana ɗinki. Ranar sadakar uku ta zauna kusa da ni a tabarma, ta dafa kafaɗata, idonta jawur. Ta ce abu ɗaya ne ke sanyaya mata zuciya.

"Mun rabu lafiya da uwarku. Ta sha daga hannuna, ke ce shaida."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo."