Salular Intalla Ba Ta Cika Ba

In aka ce maka akwai intanet a Dakoro, ba a yi maka ƙarya ba. Amma wanda yake kaiwa Azagor da rugagen bayanta ba ta iska yake tafiya ba. A aljihu yake tafiya, cikin ɗan katin nan da ake sakawa a salula, kuma mai cika katin shi ne Mamani, mai rumfar sharji a bakin kasuwa, dab da inda motocin arewa suke lodi.

Mamani haifaffen Ɗan Gulbi ne. Ubansa ya so ya zama manomin gero, geron bai so Mamani ba, suka rabu ba faɗa. Ya yi lakwal har inda ya iya karanta sunansa da abin da aka rubuta a jikin batir, sannan ya shigo Dakoro ya koyi gyaran rediyo. Cikin rediyon da ya gyara wasu sun yi magana, wasu sun yi shiru har abada, masu su suka ɗauka kwana ne ya ƙare. Daga nan ya koma kwafar kaset. Da kaset ya mutu ya yi zaman makoki na yini guda, ya sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da panon hasken rana, ya jera wayoyin sharji a kan katako. Yau ya haura hamsin, yana da mata ɗaya, Uwale, da tumbi ɗaya, kuma duk biyun ba ya jayayya da su.

Ranar kasuwa mutanen daji suna kawo masa salula a mace, su tafi cinikin awaki, su dawo su tarar ta farfaɗo. Sai a zauna zaɓen abin da za a tura a kati: kokawa, wa'azi, kiɗan gita, tseren raƙuma. Doka ɗaya Mamani yake da ita, ba ya tambayar mutum dalili. Liman ya taɓa neman kokawa a wurinsa, ɗan kokawa ya nemi wa'azi, duk ya tura musu bai ɗaga ido ba.

A shekarar da nake ba da labari wata murya ta shigo gari. Wani saurayi ne, ba wanda ya san garinsu, ya yi ban kwana da duniya a salula kafin ya kashe kansa. Wani mai ƙoƙari ya ɗora mata kiɗa mai sa kuka. Kowa ya ce a'uzubillahi, kowa ya ce a tura masa. Mamani ya tura.

Ana cikin haka Sharifa ta sauka daga motar Maradi. Ɗiyar yayarsa ce, tana karatu a jami'a, kuma bincikenta a kan wannan ne: yadda labarin kashe kai yake yawo a salula, da abin da yake yi wa masu saurare. Malaminta ya ce ta je inda mutane suke shiga intanet. Ta duba ta duba, ta ga wurin kawunta ne. Ta ɗauko kujera ta zauna a rumfar.

Yini biyu ta yi tana kallo, sannan ta yi magana.

“Kawu, muryar nan da kake turawa, ka daina.”

“Don mi, Malama?”

“An bincika a ƙasashe da yawa. In ana maimaita irin wannan labari, ana yi masa ado, wanda dama yake cikin ƙunci yakan ga kamar hanya aka nuna masa.”

“Shekara nawa ina tura kokawa a garin nan,” in ji Mamani. “Nuna mini mutum guda da ya zama ɗan kokawa. Dubi ni kaina. Ni na fi kowa kallo.”

“Ai ba kowa ba, Kawu. Wanda dama yake bakin abin.”

“To in ya zo ki nuna mini shi, in ba shi wa'azi kyauta.”

Sharifa ta rubuta wani abu. Mamani ya leƙa, ya ga faransanci ne mai tsawo, ya tabbata zaginsa aka yi.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Intalla ya zo. Intalla makiyayi ne daga wajen Azagor, dogo, mai rawanin da ba ka ganin komai sai idanu. Tun zamanin kaset yake zuwa wurin Mamani. Shi yana ce wa Mamani ɗan birni mai tsoron akuya, Mamani yana ce masa ɗan daji mai gaida fitilar mota. Yana da wata 'yar butar shayi shuɗiya wadda ta lotsa ta ko'ina. A rumfar yake hura gawayi ya dafa, kuma ko murfinta ba ya bari Mamani ya taɓa, wai hannun ɗan birni yana kashe kumfa. Kowa ya san dabbobinsa sun ƙare a shekarar da ciyawa ta yanke, yanzu na wasu yake kiwo. Kowa ya san babban ɗansa ya yi arewa neman aiki, tun tuni ba kira. An yi masa jaje, an wuce wurin.

Ya miƙa salula. “Sa mata wuta. In ta cika, ka goge abin da ke cikin katin.”

“Duka? Har gitar?”

“Duka.”

“Hotunan raƙumanka fa?”

“Goge. Ka bar mini muryar yaron nan kaɗai.”

Mamani bai tambayi dalili ba, doka doka ce. Ya sa salular a sharji. Sai Intalla ya kwance butar daga jakarsa, ya ajiye a kan katakon, kusa da ordinatar.

“Riƙe wannan.”

“In ajiye maka?”

“Na ba ka.”

Ya juya ya shiga kasuwa. Mamani ya daɗe yana kallon butar. A iya saninsa, makiyayi yakan sayar da takobi, yakan sayar da sirdi, amma bai taɓa jin wanda ya ba da butar shayinsa yana da niyyar ganin gobe ba. Ya matsa kusa da Sharifa, ya rage murya.

“Ɗiyata, mutumin da kika ce in ya zo ki nuna mini. Ba sai kin nuna ba.”

Sharifa ta ji komai dama. Ta ce, “Ka tambaye shi, Kawu. Kai tsaye.”

“In tambaye shi mi? In bai yi tunanin ba ni in sa masa?”

“Tambaya ba ta sa wa mutum. Wannan ma an bincika. Kai zai amsa wa, ni bai san ni ba. Kuma kada ya hau motar nan shi kaɗai.”

Mamani bai san yadda ake hana mutum mai tsawon Intalla hawa mota ba. Abu ɗaya ya sani: ba ɗan dajin da yake barin Dakoro salularsa na kan katako. Ya sa babban ɗan yatsan ƙafa ya zare wayar sharjin daga ƙasa.

Bayan azahar Intalla ya dawo. “Ta cika?”

“Da saura.”

Ya zauna. Motar Azagor ta fara ɗaukar buhuna. Aka ɗora awaki, aka ɗora masu awakin.

“Ta cika?”

“Rana ce yau ba ƙarfi,” in ji Mamani, gumi yana zuba masa har cikin kunne.

Intalla ya dubi sama, ya dubi Mamani. “Na kowa sun cika.”

“Taka tsohuwa ce. Tsoho ba ya ci da sauri.”

Direba ya danna odar mota, ya aiko a kira Intalla, ya sake yin oda. Intalla ya miƙe ya ce a ba shi haka nan. Mamani ya ce in aka cire ta yanzu batirin zai kumbura, ya kuma rantse da abin da bai kai a yi kaffara ba. Suna cikin haka motar ta tashi. Intalla ya bi ta da ido, ya koma ya zauna, ko zagi bai yi ba. Rashin zagin ya fi butar tayar wa Mamani da hankali.

Mamani ya fara tambaya. Ya tambayi ruwan sama. Ya tambayi farashin tumaki. Ya tambayi lafiyar wata tsohuwa da aka binne bara. Sharifa ta yi tari. Mamani, mutumin da bakinsa bai taɓa rasa magana ba tun da aka yaye shi, ya dubi butar maimakon mai ita.

“Intalla. Tunanin kashe kanka kake yi?”

Intalla ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe idanun. Wani ya zo karɓar salularsa, Sharifa ta miƙa masa ta sallame shi.

“Wa ya hwaɗa maka?”

“Butarka.”

Sannan Intalla ya ce, “I.”

Daga nan maganar ta zo a gutsure. Ba ya barci. Yana kora dabbobin mutanen da a da shi yake ba su aro. In salula ta yi ƙara yakan ɗauka ɗansa ne, sai ya ji kamfani ne ke talla. Muryar yaron nan kuwa yakan saurare ta a daji sau da yawa, don ita kaɗai ce take faɗin abin da yake ji. Mamani ya nemi abin ban dariya a duk kansa bai samu ba, ya yi shiru, wanda daga baya Sharifa ta ce shi ne abu mafi amfani da ya yi a yinin.

“Baba,” in ji ta, “wannan ciwo ne, kuma ana duba shi. Ku je gidan likita yanzu, kai da Kawu.”

“Ba zazzaɓi nake ba.”

“Ni nake yi,” in ji Mamani. “Raka ni.”

Ranar ce ta farko da aka ga Mamani ya bar rumfa ranar kasuwa. Sharifa ta tsare salulolin jama'a, ta ba wani Bafulatani ta wani mahauci, mahaucin ya tafi da ta Bafulatanin, aka yi sati ana kiran mahauci ana tambayarsa shanu. A gidan likita an saurari Intalla, an ba shi magani, an sa masa ranar dawowa. Mamani ya kai shi gida. Uwale ta dubi baƙon, ta dubi mijinta, ta ƙara tsaba a tukunya. Aka aika wa ƙanen Intalla, ya zo ya zauna da su, ya tafi da shi bayan kwanaki, da sharaɗin ba zai riƙa fita kiwo shi kaɗai ba.

Muryar kuwa Mamani ya goge ta daga ordinatar. Wanda ya nema yakan ce masa ƙwayar cuta ta cinye, ga kokawa. Wasu suna samunta a wani wuri, wannan ya fi ƙarfinsa. Sharifa ta gama bincikenta, ta sa shi a ciki ba suna, wai don kare shi. Har yau bai yafe ba.

Ɗan Intalla bai kira ba tukuna, dabbobin ma ba su dawo ba. Amma duk ranar kasuwa Intalla yana saukowa daga motar Azagor, ya biya gidan likita in ranarsa ce, ya zo rumfa ya miƙa salula. Ƙanensa ya saya masa ɗan pano, saboda haka a cike take zuwa. Mamani yana gani, ya sa ta a sharji duk da haka. Intalla ya karɓi butarsa daga ƙarƙashin katako ya hura gawayi.

Jiya Mamani ya kai hannu zai ɗaga murfin. Intalla ya buge hannun.