Ranar da Aka Miƙo Mini Takarda a Gidan Rediyo

Ina da shekara talatin da biyu, da tagwaye da goyo, na ji gidan rediyo na neman mace mai murya. Tun ina budurwa nake kwaikwayon masu karanta labarai. A gidanmu na haya a Sabon Gari, in muna daka, matan gida sukan ce, "Maman biyu, ba mu labarun duniya." Sai in gyara murya in zuba musu. A aji biyu na firamare na bar makaranta, don haka komai da ka nake yi. Wallahi na ɗauka su ma na rediyon da ka suke yi.

Maƙwabciyata, wata Banufiya mai sayar da shinkafa, ta ara mini gyale, ta karɓi goyon. "Je ki," ta ce. "In kin shiga cikin akwatin, ki gaishe ni da sunana, kar ki yi mini girman kai."

Kwana uku na yi ina haddace labarun safe.

Aka sa ni wani ɗaki mai sanyi, wani mutum yana bayan gilashi. Ya ce in gai da masu sauraro. Na gaishe su, ya gyaɗa kai yana murmushi. Sai aka miƙo mini takarda, bugun tafireta. Kalma ɗaya na gane, Minna. Nono ya fara tsattsafo mini, ya jiƙa gyalen aro. Na ƙura wa takardar ido na zuba labarin jiya.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Hajiya, muryarki ta yi. Amma wannan sanarwar rigakafin ƙyanda ce. Ki shiga ajin yamma na koyon karatu, ki dawo."

A ƙafa na koma, ta gefen layin dogo. Kunyar ba ta dame ni kamar ƙyandar ba. Bara ta kusa ɗauke mini ɗaya daga tagwayen. Ga katin asibitin goyona a ƙasan akwati, ina adana shi kamar laya, ban san abin da ya ce ba.

Na shiga ajin, amma ban koma rediyo ba. Wasu ranakun ina cewa na haƙura, wasu kuma sai in ji wata mace tana karanta labarai, in kashe rediyon.

Abin da na fara karantawa da kaina katin nan ne. Ranar komawa allura ta wuce da wata huɗu. Na saɓa 'yar goyon nawa sai asibiti, ko takalmi ban tsaya nema ba.